Hoton ɓera mai walƙiya da "maganin nukiliya": me kyamarar gama take gani, me bata gani?

Duk wanda yake cikin guruf ɗin dangi ko na 'yan unguwa a WhatsApp, nan Makka ko Jidda ko Madina, da wuya ace bai taɓa cin karo da irin hoton nan ba, ɓera a kwance launin toka ga wani ɗigo ja yana walƙiya a kafaɗarsa, sai hoto na biyu a gefe ɗigon ya dushe, a ƙasa kuma an rubuta da Larabci wai an gano maganin saraɗan na nawawi allura ɗaya shikenan. Kafin ka gama karantawa sai wani ya turo labarin cewa ai Amurka ma ta daina gwada magani akan dabbobi, to kaga mutum ya rasa wanne zai kama.

A wata majalisa a Shari' Mansur bayan isha'i, wani dattijo da aka ce masa yana da kansar firostet ya miƙa wa ɗan ƙanwarsa jawwal yace "ɗana duba min nan, wannan ne maganin da daktan yake faɗa ko wani ne daban?" Yaron ya ƙura wa hoton ido yace "Kawu ni dai ɓera na gani da wuta a jikinsa." Irin wannan hoton yana nuna inda maganin ya je ne ya zauna a jikin ɓeran. Dushewar ɗigon kuma bata nufin ƙari ya mutu, zai iya zama ƙarfin maganin ne ya ragu da kansa ko jiki ya fitar dashi ta fitsari.

Kalmomin da ake ta ruɗewa a kansu

Maganin da ake magana kashi biyu ne a haɗe. Akwai ɗan jagora, wani sinadari da aka ƙera shi yadda zai nemi wata alama a jikin ƙwayar kansa ya manne mata, sannan akwai kayan da aka ɗora masa wato ƙwayar zarra mai fitar da radiyeshin. Ana zuba shi ta jijiya ya zagaya jini. Ya bambanta da gashin da ake yi da na'ura daga waje, ya kuma bambanta da kimawi.

Radiyeshin ɗin iri uku ne suka shafe mu. Beta tana tafiya milimita kaɗan cikin nama, ta lutishiyom-177, ɗaya daga ƙwayoyin zarrar da ake ɗora wa ɗan jagoran, bata wuce kamar milimita 2. Alfa ta fi ta ƙarfin bugu nesa ba kusa ba amma tafiyarta bata kai kashi ɗaya cikin goma na milimita ba, ƙwayoyin halitta 'yan kaɗan ta tsaya. Waɗannan biyun su ne masu kisan kansar, kuma tunda basa fita daga jiki babu kyamarar da zata gansu daga waje. Ta ukun ita ce gama, dangin hasken ashi'a da ake ɗaukar hoton ƙashi dashi, ita ce take ratsa jiki ta fito, ita kyamara take kamawa. Ana auna ƙarfin kowane ƙwayar hasken gama da ma'aunin da ake rubutawa keV, yawan maganin kuma da bekerel, bekerel ɗaya yana nufin ƙwayar zarra ɗaya tana fashewa duk daƙiƙa.

Sai rabin-rai, lokacin da ƙarfin abin yake komawa rabi. Na lutishiyom-177 kwana 6 da 'yan awanni sama da rabin yini, na ayodin-131 kwana 8, na aktiniyom-225 wajen kwana 10.

Daga ina abin ya faro

Ba sabon abu bane kamar yadda guruf yake nunawa. Tun 1941 likita Saul Hertz a Boston ya fara bawa masu cutar tayirod ayodin mai radiyeshin, kuma har yau ayodin-131 shi ne abinda ake bawa masu kansar tayirod bayan tiyata a sassan ɗibbun nawawi na asibitoci, ciki har da na nan Saudiyya. Kyamarar kanta Hal Anger ne ya ƙera ta a Berkeley a ƙarshen shekarun 1950. Abinda ya sa harkar ta sake zafi shi ne sababbin magunguna da suka samu izinin hukumar magunguna ta Amurka wato FDA a jere, Xofigo mai radiyom-223 a 2013 na kansar firostet da ta shiga ƙashi, Lutathera a 2018 na wani nau'in ƙari na hanji da fankiriyas, sai Pluvicto a watan Maris 2022 na kansar firostet da ta bazu, na biyun da na ukun duka lutishiyom-177 ne kuma duka na kamfanin Novartis. Daga nan kamfanoni suka yi ca akan harkar, sabon ɗan jagora kuwa galibi sai ya bi ta jikin ɓera kafin a yarda a zuba wa mutum.

Yadda kyamarar take gani, da dalilin da ta asibiti bata yi wa ɓera

Hasken gama ba a iya lanƙwasa shi da gilashi kamar na kyamarar waya. Dabarar da ake yi ita ce a sa wani allo mai kauri na dalma mai dubban ƙananan ramuka kamar saƙar zuma a gaban wani kiristal, hasken da ya zo miƙe ta cikin rami shi kaɗai zai wuce ya bugi kiristal ɗin ya yi ƙyalli a ƙirga shi, sauran duk dalma ta shanye. Asarar tana da yawa sosai, a kyamarar asibiti wajen ƙwaya ɗaya cikin dubu goma ce take kaiwa. Idan aka ɗauki hoto ta kusurwoyi da yawa kwamfuta ta haɗa su ya zama mai zurfi da faɗi da tsawo, shi ake cewa SPECT, galibi ana ɗora shi akan hoton CT don a gane ƙoda daga hanta.

To kyamarar asibiti bata iya raba abubuwa biyu da tazararsu ta gaza wajen santimita ɗaya. A jikin mutum mai kilo 70 wannan ba laifi. Ɓeran ɗakin bincike kuwa giram 20 zuwa 30 ne, ƙodarsa gaba ɗayanta bata wuce santimita ɗaya ba, in ka sa shi a kyamarar asibiti dunƙulen haske kawai zaka gani.

Maganin wannan shi ne kafar allura. Wanda ya taɓa kwana a ɗaki mai duhu da rana, ƙofa a rufe sai ɗan ƙaramin rami a jikin taga, ya san yadda surar abinda ke wucewa a waje take faɗowa a bango kai a ƙasa ƙafa a sama. Haka ake yi, a huda ɗan rami a jikin ƙarfen tangistin, a matso da ɓera dab da ramin, kiristal kuma yana can nesa, sai surar ta faɗa kansa a faɗaɗe ninki da yawa. Da wannan ake samun hoton da ke raba abinda bai kai milimita ɗaya ba. Amma rami ɗaya haske kaɗan yake bari ya wuce, shiyasa na'urorin yanzu irin na MILabs na Holan da Mediso na Hungari suke jera ramuka masu yawa, wasu gomomi, duk suna kallon wuri ɗaya. Ciniki ne dai, ka ƙanƙanta rami hoto ya yi kaifi amma ƙirga ta yi ƙasa, ka buɗa rami ƙirga ta ƙaru hoto ya yi hazo.

A aikace ga yadda ranar ɗaukar hoto take. Ɓeran irin wanda aka raunana garkuwar jikinsa ne don kada ya ƙi ƙwayoyin kansar ɗan Adam da aka dasa masa ƙarƙashin fata, an jira makonni ƙarin ya kai girman ƙwayar wake. Ana ɗan ɗumama jelarsa jijiya ta fito, a zuba maganin ɗigo 'yan kaɗan, a auna sirinjin kafin da bayan allura don a san ainihin abinda ya shiga. Sai a sa masa iskar banju ta ɗan mazurari a hanci, a kwantar dashi a wani gado siriri mai ɗumi saboda jikin ɓera yana saurin yin sanyi in yana barcin banju, ga na'ura tana ƙirga numfashinsa. A ɗauka bayan awa ɗaya, bayan awa huɗu, washegari, bayan kwana uku, bayan mako, ɓera ɗaya ɗin nan dai. Daga jerin hotunan ake lissafa radiyeshin nawa ƙari ya sha, nawa ƙoda ta sha, nawa ɓargo ya sha. Wannan lissafin shi ne dalilin aikin gaba ɗaya, launin ja da ɗorawa kwamfuta ce ta shafa.

Inda gizo ke saƙar: maganin warkarwa ba don hoto aka yi shi ba

Sinadarin da aka saba ɗaukar hoto dashi a asibiti teknishiyom-99m ne, kusan duk fashewa tana bada gama mai keV 140, rabin-ransa awa 6, kamar don kyamara aka halicce shi. Na warkarwa kuwa an zaɓe su ne saboda kisa, gama ɗin da suke bayarwa tsintuwa ce.

Lutishiyom-177 yana da dama-dama, cikin fashewa ɗari wajen goma suna bada gama mai keV 208, wajen shida kuma mai keV 113, ana samun hoto mai kyau. Ayodin-131 gamarsa keV 364 ce, tana da ƙarfin da take ratsa gefen ramin ta shiga ta inda ba a so, hoton sai ya yi hazo sai an yi ramuka na musamman masu kauri. Itiriyom-90 kusan bashi da gama ma sam.

Masu alfa su suka fi bada wahala, kuma su ake ta rububi yanzu. Na farko yawansu kaɗan ne. Mai shan Pluvicto ana zuba masa bekerel biliyan 7.4 a zama ɗaya, aktiniyom-225 kuwa abinda aka yi amfani dashi a gwaje-gwajen farko a Heidelberg ta Jamus wajen bekerel dubu 100 ne ga kowane kilo, wato wajen miliyan 7 ga mai kilo 70, ƙasa da na lutishiyom sau dubu kenan. Ka sauko kan ɓera sai ka ga dubban bekerel ne kawai zuwa dubu gomomi, alhali hoton ɓera na teknishiyom miliyoyi ake zubawa. Kyamarar da dama tana zubar da mafi yawan haske ace kuma hasken babu. In ka ƙara maganin don hoto ya fito ka wuce abinda jikin ɓeran zai ɗauka, abinda kake aunawa ya zama guba ba magani ba, in ka tsawaita ɗauka awanni banju ya yi masa illa.

Na biyu ya fi wannan ɗaure kai. Aktiniyom-225 shi kansa gamarsa bata taka kara ta karya ba, 'ya'yansa ake gani. Idan ya fashe yana zama faransiyom-221 mai gama keV 218, a bi ta wani matakin a zo bismut-213 mai gama keV 440 da rabin-rai minti 46, a jimla alfa huɗu ke fita kafin sarƙar ta ƙare. Amma fitar alfa ta farko tana da naushin baya kamar bindiga, ƙarfinta ya isa ya tsinke ƙwayar daga jikin ɗan jagoran, daga nan 'ya'yan sun zama marasa linzami jini ya kwashe su, bismut kuma ƙoda yake tafiya ya taru. Wato haske a ƙoda zai iya nufin maganin ne a wurin, zai iya kuma nufin ɗan da ya tsinke ne daga wani wuri ya zo. Shiyasa ake son kyamarar da zata raba keV 218 da 440 a lokaci guda.

Hanyoyin da ake bi don kaucewa biyu ne. Wasu suna ɗora wa ɗan jagoran wani sinadari mai sauƙin gani a madadin na kisan, kamar indiyom-111 ko galiyom-68, ko dalma-203 a madadin dalma-212, su ce inda wannan ya je can wancan zai je. Masu suka suna cewa madadin baya haifar 'ya'ya masu tsinkewa, kuma galiyom-68 minti 68 ne rabin-ransa, ba zai gaya maka abinda zai faru a kwana na biyar ba. Wasu kuma suna gwada kyamarar Compton wadda bata da allon dalma sam, tana gano inda haske ya fito ne daga yadda ya karkace cikin na'urar, irinta aka yi amfani da ita wajen neman wuraren da suka gurɓata bayan haɗarin Fukushima na 2011. Tana kama haske mai yawa kuma ta fi dacewa da gama mai ƙarfi, sai dai kaifin hotonta a jikin ƙaramar dabba bai kamo na kafar allura ba tukuna.

Hoto ko yanka, da maganar daina gwaji akan dabbobi

Tsohuwar hanya wadda har yanzu ita ake auna sauran da ita, ita ce a yi wa ɓeraye da yawa allura, a kowane lokaci a kashe huɗu ko biyar, a cire gaɓoɓi ɗaya bayan ɗaya a auna nauyi a sa a na'urar ƙirga. Masu riƙe da ita suna da hujja mai ƙarfi, tana kama ɗan mitsitsin radiyeshin da kyamara bata gani, kuma kyamara tana rage wa ƙananan gaɓoɓi lissafi saboda hazo. Masu hoto kuma suna cewa lokuta biyar sau ɓera biyar ɓera 25 kenan, alhali da kyamara biyar sun isa, kuma kana bin dabba ɗaya ne daga farko zuwa ƙarshe ba kana haɗa sakamakon dabbobi daban-daban ba. A zahiri mafi yawan ɗakunan bincike duka biyun suke yi, ga masu alfa kuwa yankan ne har yanzu ke riƙe da lissafi.

Maganar Amurka kuma ga yadda take. A Disamba 2022 aka sa hannu a dokar da ta cire tilascin gwaji akan dabba kafin gwaji akan mutum, ta yarda a kawo wasu hujjoji kamar ƙwayoyin halittar ɗan Adam da lissafin kwamfuta. A Afrilu 2025 FDA ta sanar da shirin rage gwajin a hankali, za a fara da wani rukunin magunguna na garkuwar jiki. Ba haramtawa aka yi ba. Kuma tambayar ina magani ya je cikin jiki mai jini da ƙoda da hanta tana cikin waɗanda ke da wuyar amsawa a faranti.

Masu adawa da gwajin suna da nasu abin faɗa banda tausayi. Ɓera ba mutum bane. Babbar illar da aka gani ga mutanen da aka bawa aktiniyom na firostet ita ce bushewar baki, saboda ƙululun yawu na ɗan Adam suna kama maganin sosai, na ɓera kuwa basa kama shi haka. Sannan beta mai tafiyar milimita biyu a jikin mutum tana cikin gaɓa ɗaya, a jikin ɓera ta tsallaka maƙwabciya. A ɗaya gefen kuma, ruwan amino asid da ake ɗaura wa masu shan Lutathera don kare ƙoda, binciken ɓeraye da aka yi a Rotterdam a shekarun 1990 yana cikin tushensa.

A nan Saudiyya akwai nizamin ɗa'ar bincike akan halittu masu rai na 2010 wato 1431 Hijiriyya, ya haɗa da dabbobi, kuma sai kwamitin ɗa'a ya amince kafin a fara. Harkar radiyeshin kuma tana hannun hukumar sa ido kan nukiliya da radiyeshin da aka kafa a 2018. A majalisa zaka ji wani yace ai ɓera yana cikin fasiƙan dabbobi biyar da hadisi ya halatta kashewa ko a cikin Harami, wani ya amsa da hadisin da ya ce an wajabta kyautatawa akan komai har wajen kisa da yanka. Duka biyun sun inganta, na farkon yana magana akan halaccin kisan, na biyun akan yadda za a yi shi, banju da gado mai ɗumi da rage adadin ɓeraye a nan suka shigo.

Me wannan yake nufi ga mara lafiya a nan

Na farko, tsakanin hoton ɓera da allurar asibiti shekaru ne, kuma da yawa basa kaiwa. Wanda ya kai ɗin ma ba allura ɗaya bace. Pluvicto har zama shida ne duk bayan mako shida, kuma a babban gwajin da aka wallafa a 2021 akan mutum 831 masu ciwon da ya yi nisa, tsakiyar tsawon rayuwa wata 15.3 ne ga waɗanda suka sha, wata 11.3 ga waɗanda basu sha ba. Kafin a baka sai an yi hoton PET, wani nau'in hoton ɗibbun nawawi, an tabbatar ƙarin naka yana da alamar da ɗan jagoran ke nema, ba kowa ke da ita ba.

Na biyu, yanzu kusan kowa adadi ɗaya ake zuba masa babba ko ƙarami. Akwai likitocin da ke son a riƙa ɗaukar hoton SPECT bayan kowane zama a daidaita wa kowa gwargwadon ƙodarsa, wasu na cewa ƙarin zirga-zirga ne da kuɗi kuma hujjar amfaninsa bata gama kammaluwa ba. In ra'ayin farko ya rinjaya, wanda yake Makka yana shan magani a Jidda ko Riyad zai ƙara mau'idi biyu ko uku a mako guda.

Sai kuɗi da samuwa. Asibitin Sarki Faisal na Riyad yana da saikulotiron mai haɗa sinadaran hoto tun farkon shekarun 1980, amma lutishiyom-177 a riyakta, wato tukunyar nukiliya, ake yinsa, kuma Pluvicto kwana biyar kacal yake yi bayan haɗawa, don haka kowane kwalba da sunan mai shi da ranarsa ake yo odarsa, wanda ya saɓa mau'idi ba a ajiye masa sai wani wata. Farashin da aka sa masa a Amurka lokacin fitowarsa dala 42,500 ne zama ɗaya, wajen riyal dubu 160, shida ɗin ya doshi riyal miliyan ɗaya. Ɗan ƙasa tahwil ake yi masa zuwa babban asibitin gwamnati, mai igama kuwa sai abinda ta'amin ɗinsa ya ɗauka kuma kowane ta'amin yana da iyakarsa a shekara, marar takarda kuma ba sai an faɗa ba.

Akwai kuma abinda ya shafi zamanmu kai tsaye. Gamar nan da kyamara ke kamawa daga jikin ɓera, ita ce ke fita daga jikin mara lafiya ta taɓa na kusa dashi, fitsarinsa ma yana ɗauke da maganin a kwanakin farko. Takardar Pluvicto tana cewa a rage kusantar mutanen gida ƙasa da mita ɗaya na kwana 2, yara da masu ciki kwana 7, a kwana a ɗaki daban da mutanen gida kwana 3, da yara kwana 7, da mai ciki kwana 15. A shuƙƙa mai ɗaki biyu da banɗaki ɗaya da mutum goma a ciki, ga 'yan dubiya ana shigowa ayari-ayari ana musabaha jikoki suna hawa cinya, wannan sai an tsara shi tun kafin ranar allura, wa zai koma gidan wa, su wa za a ce su dakata da zuwa sai bayan mako. Wanda kuma zai hau jirgi zuwa Kano ko Yamai a makonnin nan ya karɓi takardar asibiti mai sunan sinadarin da ranar da aka zuba, saboda na'urorin wasu filayen jirgi suna kama shi.